Kunnen Oga

A gefen tashar motar Jabi har yanzu akwai bakaniken da bai yarda da kwamfuta ba, kunnensa ne na'urarsa. Ka kai masa tsohuwar Peugeot 504, irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, ka ce tana shan mai. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowa kukan da yake kawowa ke nan.

Sai Oga ya bari inji ya ɗau zafi, ya sa sukudireba a ɗan sukurun kafireta, ya karkata kai kamar mai sauraron gulma. In ya matse da yawa, mai ya yi kaɗan, mota ta kama kakkarwa, ta mutu a danja. In ya sassauta, salansa ta yi baƙin hayaƙi, fulogi ya yi dauɗa. Tsakanin biyun nan, rabin juyi ne kawai.

Daga nan sai dilko. Ya kwance, ya murɗa kaɗan. Wuta ta riga lokaci, inji ya riƙa ƙwanƙwasa a hawa. Ta makara, ya yi zafi, ga ragwanta.

"Alhaji, taka totur! Saki!"

Alhaji mai motar kuwa sai roƙo yake: "Oga, a ƙara rage mai."

"Ranka ya daɗe, in na ƙara, sai dai yara su tura ka har Utako. Su ma ba kyauta suke turi ba."