Dakta Mai Jiran Gado

Ɗalibin digiri na uku da ya shiga shekarar ƙarshe aiki biyu gare shi, kuma babu mai albashi a ciki: da rana kokawa da babi na biyar, da dare ƙura wa tallan guraben aiki ido. Jami'a na son mai digiri a hannu, da maƙalu a mujallu, da gogewar koyarwa. Shi kuwa abin da ke hannunsa rasit ɗin kuɗin makaranta ne.

Sai batun mutum uku da za su tsaya masa. Na farko dole malamin da ke duba kundin, wanda babi na huɗu ke kwance a but ɗin motarsa tun kafin azumi. Je ka ce, "Ranka ya daɗe, a rubuta musu cewa na kusa gamawa." Zai gyara zaman tabarau ya ce, "Wa ya gaya maka?"

Wanda ya yi alkawarin kare kundinsa a tsakiyar 2022 bai shawarci ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ba, wadda ta tafi yajin aiki a Fabrairu, ba ta dawo ba sai Oktoba. Ofishin da yake hange ma, dokar 2012 ta ba farfesa damar zama har ya cika shekara 70, kuma mai ofishin garau yake, kullum bayan asuba yana zagaye filin ƙwallo.

A gida kuwa tuni gwaggo ta fara kiransa Dakta, har ta aiko da jikanta a duba masa kunne.