Na Share Tarihi, Ya Dawo Da Tagwaye

Mu uku ne a aikin: ni a Durun, abokina a Gwarzo, sai Yaya a Kano, ɗan wan babana, wanda ya samo kwangilar kuma yake riƙe da lalitar. Manhaja muke haɗawa ta lissafin taki da bashi ga wata ƙungiyar manoma. Tunda ba wuri guda muke ba, da Git muke aiki, abin nan da Linus Torvalds, mutumin Finlan, ya ƙirƙira a 2005 domin masu gina Linux da ke warwatse a duniya. Kowa da cikakken rumbunsa a kwamfutarsa, ga kuma na tarayya a GitHub, inda ake zubawa ana ɗiba. In ka yi ɗan aiki sai ka ɗaure shi dami guda, wanda muke ce wa komit, ka liƙa masa 'yar takardar bayani.

'Yar takardar nan ce ta kai ni ta baro.

Ni ma'aikacin dare ne, don sai gari ya yi tsit sabis ke tunawa da unguwarmu. Kan turmin Inna nake zama, wanda ake kifewa a bayan ɗaki, kwamfuta a cinya, sauro na karɓar harajinsa a idon sawu. Mutumin da ke wannan hali ba ya rubuta bayani mai hankali. A mako guda na tura dammuna 14, ga irin takardunsu: "Allah ya sa ya yi." "Bai yi ba." "Wallahi wannan ne na ƙarshe." "Na ƙarshe na gaske." A tsakiyarsu kuwa, daren da na kwana ina warware wani lissafi da ya birkice, na rubuta: "na gyara shirmen Yaya."

Sai ranar Alhamis, ina cikin cin tuwo, abin ya faɗo min a rai. Loma ta tsaya a maƙoshi. Wannan fa mutumin da ya biya min kuɗin jarrabawa ne, kuma shi ake sa ran zai shige gaba ranar neman aurena.

Na wanke hannu na nufi turmi. Na san akwai ribes, dabarar da ake kwance dammuna a sake ɗaure su, a canza musu takarda. Cikin rabin awa tarihi ya yi fes. "Bai yi ba" ya koma "inganta shafin biyan bashi", shirmen Yaya ya koma "daidaita lissafin ragowar taki". Har na ji ina girmama kaina.

Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne, kowane komit yana da lambar shaida mai harufa da alƙaluma 40, ana fitar da ita daga aikin da ke ciki, da bayanin, da sunan mai shi, da lokaci, da kuma lambar komit ɗin da ya haife shi. Kamar salsala ce. Ka taɓa sunan kaka, to ɗa da jika da tattaɓa kunne duk sun zama wasu mutane. A ganina fenti na sake wa gida. A ganin Git, wani gida na gina a gefe.

Da na zo turawa sai ya ƙi karɓa, ya ce tarihina da na rumbun tarayya sun raba hanya. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa na ce na'ura ba za ta koya min zumunci ba, na yi masa fos fush, wato turawar dole, wadda daga baya na gane ƙanwar fushi ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ya wuce. Na kwanta na yi barci har da minshari.

Da hantsi waya ta yi ƙara, abokina ne na Gwarzo.

"Mutumina, ina aikina na kwana uku? Jiya da la'asar na zuba, yanzu na leƙa ba ko ƙura."

Ashe a kan tsofaffin dammunana ya ɗora nasa, ni kuma ban ɗebo ba kafin in danne. Na yi gyaran murya na ce, "Anya ba sabis ba ne?"

"Ƙyale shi, yana nan a kwamfutata. Bari in ɗebo in haɗe in sake turawa."

Na ce masa Allah ya yi albarka. Da bakina na faɗa.

Ya kuwa haɗe. Git bai ga laifin kowa ba, ya ɗauki tsohon tarihin da ke Gwarzo da sabon da na ƙera a Durun ya ɗaura musu aure. Kowane aiki nawa ya fito sau biyu, ɗaya da babbar riga, ɗaya da singileti. Garin neman gira ke nan. Yaya mutum ne da bai taɓa karanta takardun komit ba, lokacinsa bai kai nan ba. Amma da ya ga dammuna 14 sun zama 28, sai ya ja kujera ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Bayan sallar Juma'a ya kira.

"Malam ƙanena, an wuni lafiya?"

Duk ranar da Yaya ya ce min Malam, na san ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

"Lafiya lau, Yaya. Ya iyali?"

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce damin da bai bar ɗakina ba in kwance shi sau ɗari, ba ruwan kowa, amma wanda wani ya riga ya ɗiba ya fita hannuna. In kuma dole ta kama, a fara sanar da jama'a, a yi turawar da ke duba ko wani ya zuba sabon abu kafin ta danne. Ya ƙara da cewa ko a kwamfutata ma tsohon bai mutu ba, yana kwance a riflog, inda Git ke ajiye irinsa kwana 30.

Na ce, "Yaya, ko za a share wancan ɗin, tunda..."

"A sake taɓa tarihi? A'a. A bar shi."

A daren ya kulle babban reshen rumbun tarayya, ba mai sake turawar dole. Da na hau turmi na ɗebo sabon aiki, komit ɗaya na tarar daga Kano. Ashe gyaran da na kwana ina yi ya sa buhu 50 na taki yana fitowa 500. Takardar da ke jiki ta ce: "na gyara gyaran da Malam ya yi wa shirmena."