Alhaji Ba Ya Mantuwa

Da Alhaji ya dawo Kurfi daga ƙasar Holan, inda ya je cinikin injunan ban-ruwa, labarin maƙabarta ne ya fi yawa a bakinsa. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, ya ciro waya yana nuna wa 'yan majalisa hotunan wani gari mai suna Margraten: kaburburan sojojin Amurka fiye da 8,000 a jere reras, ciyawa a gyare, kusan kowane da sunansa.

Ya tsaya a kan guda ɗaya. "Wannan Robert Cole ne, Laftanar Kanar, sojan laima. An haife shi a Texas a 1915. Daren 6 ga Yuni 1944 ya diro daga jirgi a Normandi tare da runduna ta 101. Ranar 11 ga wata, kusa da Carentan, wutar Jamusawa ta kwantar da yaransa sun kasa ɗaga kai, sai ya busa usur ya miƙe da ƙaramar bindiga a hannu, suka bi shi da banati. Ranar 18 ga Satumba aka harbe shi a ka kusa da garin Best, yana ɗan shekara 29. Lambar yabo mafi girma ta ƙasarsu iyalinsa suka karɓar masa."

Babu tuntuɓe ko ɗaya a karatun, kuma a ba shi haƙƙinsa, duk abin da ya faɗa haka yake. Ya ƙara da cewa tun 1945 mutanen yankin suka raba kaburburan a tsakaninsu, kowane gida na kula da nasa, jika ya gaji kaka, har akwai masu jiran layi. "Mutanen nan sun san darajar wanda ya mutu dominsu. Mu kuwa!" Majalisa ta amsa da "Wallahi kuwa, Alhaji."

Wani tsoho mai sayar da goro yana gefe yana yayyafa wa huhunsa ruwa. Ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, mu ma muna da namu a wannan yaƙi na Hitila. Ƙanin mahaifina ne. Aka ce kowane hakimi ya kawo samari, yana cikin waɗanda aka kai. Jirgin ƙasa zuwa Ikko, jirgin ruwa zuwa Indiya, daga nan dajin Bama. Su ba su diro daga sama ba, abincinsu ne ake jefo musu da laima, su ɗauki albarusai a ka su haye duwatsun da mota ba ta shiga. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma ke nan. Har Sarki Usman Nagogo ya je ya duba su. A watan Janairun 1945 suka ƙwace wani gari Myohaung daga hannun Jafanawa. Abokansa sun dawo da takalma da tari, shi bai dawo ba."

"Allah ya jiƙansa, Baba," in ji Alhaji, idonsa a kan waya.

"Amin. Wani malamin makaranta daga Dutsin-Ma ya ce mini akwai bango kusa da Rangun mai sunaye wajen 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. Ya ce Turawa kan rubuta sunan soja su liƙa masa sunan gari, wane Katsina, wane Kano. To su wane Katsina nawa ne? Kakata dai har ta rasu tana ajiye masa tuwon dare. Da ita aka binne maganarsa."

"Ka ji irin abin da nake faɗa!" Alhaji ya buga cinya. "Ba mu da tarihi. Kowace 15 ga Janairu manya su ajiye fure a Abuja, a saki tantabaru, shi ke nan."

Duk wannan ana yi, akwai wata mata zaune a gindin katanga tun azahar, lulluɓe da mayafi, da yaro ɗan shekara bakwai a jikinta. Kowa a tabarmar ya san ta. Mijinta ɗan sa-kai ne, yana cikin masu kwana a bakin hanya da kakar bara don a samu kwashe dawar Alhaji, daren da mahara suka fito ta wajen Batsari. An kwashe dawar. Ita kuwa tun da ta fita takaba take zuwa, ana ce mata Alhaji na da baƙi.

Tsohon ya ɗaure huhunsa a natse, ya yafito yaron.

"Zo nan, jikana. Durƙusa ka gai da Alhaji, ka faɗa masa sunan babanka da ranar da ya rasu. Kada ka ji tsoro, Allah ya yi masa baiwar riƙe suna. Ka dai ji yadda ya kawo na Amurka."

Yaron ya durƙusa ya faɗa, da ƙarfi, yadda ake biya allo. Alhaji ya kife wayar a kan cinyarsa, ya waiga wajen direbansa ya rage murya.

"Wanne ne cikinsu? Dogon ko gajeren?"