Kyautar Bakwai Uku

A ofishinmu "Injiniya" ake kirana, saboda na taɓa zaro wata takarda da ta maƙale a firinta. Don haka da Oga ya ce yana son mu riƙa aika imel da sunan kamfaninmu, sai kowa ya waiwayo gare ni. Na gyara zaman hula na ce, "Yallaɓai, kafin la'asar an gama."

A kan sabarmu mai Ubuntu na ɗora Postfix, manhajar da Wietse Venema ya rubuta a IBM aka fitar a 1998, ita ce mai kai wasiƙa da karɓowa. Na haɗa ta da Dovecot, mai buɗe wa kowa akwatinsa. Na aika wa kaina gwaji. Shiru. Na leƙa /var/log/mail.log, layi na bin layi: Permission denied.

Ashe folda ce na ƙirƙira da sunan root, alhali Dovecot da sunan vmail yake shiga. Umarnin chown guda ɗaya ya isa a miƙa wa mai abu abinsa. Amma ni da alheri aka san ni.

A Linux izini lissafi ne: 4 karatu, 2 rubutu, 1 zartarwa, jimla 7. Gurbin farko na mai fayil, na biyu na rukuninsa, na uku na duk wanda Allah Ya kawo. Na buga chmod -R 777, wato na ɓalle ƙyauren gida tun daga zaure har ƙuryar ɗaki don baƙo ɗaya ya samu shiga. Wasiƙa kuwa ta shigo! Daɗi ya kwashe ni, na ce bari in yi maganin matsalolin gobe tun yau, na yi wa /etc gaba ɗaya irin wannan kyauta.

Nan take sudo, umarnin da ke ba ni ikon root, ya daina kula ni. Hujjarsa ita ce fayil ɗin sudoers ya zama na kowa, shi kuma 440 ya sani. Babu sudo, babu gyara. Na rufe tagar da nake aiki in sake shiga da sabon jini, SSH, ƙofar shiga sabar daga nesa, ma ya ƙi, wai makullan sirrinsa suna waje. Duniya kaf tana da izinin rubutu a na'urar nan, ban da mai kyautar.

Isha'i ta same ni tsugune a ɗakin ajiya, na jona tsohon allo a jikin sabar, maigadi na haska min da tocilan yana tambaya, "Injiniya, wuta ce ta taɓa ta?" Na ce ƙwarai, wuta ce. Umarnin postfix set-permissions ya san gyaran nasa fayilolin, sauran kuwa babu mai tuna yadda suke, dole na goge komai na sake daga farko.

Ranar Litinin na aika wa wani babban abokin cinikinmu wasiƙar farko, Oga na tsaye a kaina. Ta isa lafiya, kai tsaye cikin kwandon shara, don ban saka bayanin SPF mai shaidar cewa daga gare mu take ba. Oga ya ce, "To, yaushe?" Na ce kafin la'asar.