Halwar Akawu a Arewacin Nguru

Likita ne ya jawo maganar. Ya auna jinin Akawu, ya dube shi ta saman tabarau, ya ce hawan jinin nan ba ƙwaya kaɗai yake so ba, hutu yake so, a inda babu hon ɗin Adaidaita Sahu, babu ƙugin janareta, babu waya. Akawu, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ƙirga kuɗin mutane a wani ofis a Kano, sai ya tuna surukinsa yana da gonar ƙaro a arewa da Nguru, cikin jihar Yobe, har da ɗan ɗakin bulo da aka gina a tsakiyarta ba a taɓa kwana ciki ba. Ni kuwa an tafi da ni ne saboda motar tawa ce, bisa sharaɗin in kama bakina.

Nguru gari ne mai tarihi. Nan layin dogon da ya taso daga Kano ya tuƙe a 1930, ana lodin gyaɗa da fatu da shanu. A gefensa kuma ga fadamun Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye ke tahowa tun daga Turai su yi hunturu, har mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya zo kallonsu a Dagona a 1989. Wannan labari ya yi wa Akawu daɗi. Ya ce ƙasar da ta ishi ɗan sarauta hutawa ai ta ishi ma'aikacin gwamnati. Sai dai Yarima bakin ruwa ya nufa, mu kuwa hanyar Machina muka miƙa, inda yashi ke mulki.

Muna sauka daga kwalta mota ta nutse. Wani yaro mai amalanke ya tsaya, ya ce mu rage iskar taya, shanunsa suka fizgo mu, ya karɓi ladansa ya wuce yana dariya.

A ƙofar gona karangiya ce ta fara yi wa Akawu maraba. Ya fito cikin shadda mai sitaci da safa fara, ya taka ciyawa taku kaɗan, sai ga ƙafar wandon ta cika dam. Ya sa hannu zai cire, ta koma yatsunsa. Ya sa ɗaya hannun, ta raba kanta biyu. Baba mai gadi, wani dattijo Bamange, ya bari sai da ya gama rawarsa sannan ya nuna masa yadda ake yi: a jiƙa yatsu da yawu, a zare a hankali. Ya ƙara da cewa kada Alhaji ya zage ta, don a shekarun yunwa ita ake sussukawa a ci ƙwayarta.

Gonar dai dakwara ce jere-jere, gajeru masu ƙaya. Idan damina ta ɗauke sai a ɗaye ɓawon reshe, bayan makonni ƙaro ya tsattsafo ya daskare dunƙule-dunƙule, a tsince, a kai kasuwa, daga can ya haye teku ya shiga lemon kwalba da alewa. A gida kuma shi malamai ke sa wa tawada don ta kama allo. Akawu ya tsinci 'yan dunƙule ya zuba a aljihu don ya nuna wa yara. A riƙe wannan, zai yi aiki nan gaba.

Da aka yi isha'i Baba ya kawo burabusko da miyar kuka, ya zauna hira. Cikin hirar ya ambata, kamar ba komai ba, cewa a ƙasar Machina ba a kashe maciji, domin gidan sarautar garin na ɗaukar macizai 'yan uwa ne, kuma suna shiga ɗaki su fita abinsu. Ya yi sai da safe, ya tafi.

Shirun da Akawu ya biyo tun daga Kano ya iso, sai ya tarar ba shi da inda zai ajiye shi. Kowane motsin ganye ɗan sarki ne ya zo gaisuwa. Ya naɗe ƙafafu a tsakiyar gado, ya kunna tocila, ya jawo carbi, ya shiga karanto duk wata addu'a da ya haddace tun yana makarantar allo, da ƙarfi, har asuba. Da gari ya waye ya kulle kansa a ɗaki, ya ce kowa ya zo a ce ba ya ganin mutane. Da barci ya ƙi zuwa sai ya ɗauko babban littafinsa ya hau lissafin bashin da ake binsa.

To, a dubi abin da idon mutanen ƙauye. Baƙo ya taso daga Kano, ya tsallake garuruwa ya zaɓi ɗaki a daji. Ba ya magana da kowa. Ya kwana yana wuridi, makiyaya sun ji da kunnensu. An leƙa ta taga an gan shi yana rubutu, ga ƙaro a gabansa. Ga kuma wani ƙato a bakin ƙofa yana korar jama'a, wato ni. Kafin azahar magana ta gama zagaya rijiyoyi: babban malami ya shiga halwa a gonar ƙaro.

A wannan ƙasa barin baƙo shi kaɗai abin kunya ne ko da ba kowa ba ne, balle waliyyi. Bulama ya zo da tawagarsa, suka tuɓe takalma tun daga nesa.

"Allah gafarta Malam, an zo lafiya? Ya ibada?"

"Ranka ya daɗe, ni fa ba malami ba ne. Akawu ne ni. Hutu na zo."

Bulama ya juya ya dubi mutanensa, suka gyaɗa kai gaba ɗaya. "Haka manya suke," in ji shi, "ba sa son a san su."

Daga nan layi ya kafu. Mai yaron da ba ya barci, mai kishiyar da ta hana ta sakat, mai neman a ɗaure bakin jan-baki kafin gero ya nuna baɗi. Kowa da ɗan abin sadakarsa: ƙwaryar fura, dabino, goriba, zabi a ɗaure. Amanar karɓa ta faɗo kaina, kuma na riƙe ta da hannu biyu. Naman zabon daji, in an soya shi da man shanu, ya fi ƙarfin a tsaya gyara wa mutane fahimta.

Abin da ya ƙarasa Akawu raƙumi ne. Wani Buzu ya zo ya durƙusa, ya ce taguwarsa ta ɓace. Akawu, ido ja, kai na sarawa, ya ce da shi cikin ƙosawa, "Bawan Allah, je ka duba bakin rijiya mana!" Duk yaron da ya taɓa kiwo ya san raƙumi da rani komai nisan yawonsa rijiya yake komawa. Mutumin ya je, ya tarar da ita tsaye tana jiran a ja mata wasaki. Kafin magariba ya dawo da ɗan akuya, da 'yan uwansa, da labarin cewa Malam ko ido bai rufe ba ya gano ta.

Daren nan Akawu ya tashe ni da raɗa, ya ce mu gudu. Muka lallaɓa da duhun asuba, ba fitila, akuya na kuka a kujerar baya. Daidai inda muka nutse da zuwa, nan muka sake nutsewa. Waɗanda suka turo mu kuwa su ne masu sammakon zuwa layi, kuma ba su saki motar ba sai da Malam ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a, suka shafa.

Muna hawa kwalta waya ta samu sabis, kiran farko na surukinsa ne. Ya ce Bulama ya aiko masa da godiya, an ware fili a gefen gona, matasa sun fara saran kara don rumfar tsangaya, ana tambaya almajirai nawa Malam zai iya ɗauka bayan Sallah.