Mai Adashe 2 a Goshin Ango

Ranar Talata da yamma mai hoto ya kawo albam ɗin bikin 'yar yayata da aka yi ranar Asabar a nan Chaza, a Suleja. Daga bakin ƙofar gida ya miƙo mini, ko babur ɗinsa bai kashe ba. Mutumin da ke bin ka cikon kuɗi ya ƙi shigowa ya sha ruwa, ai ka san da magana.

Shafin farko ƙeya ce zalla. Na biyu gwaggwaro, ruwan goro da ruwan hoda, kalar ankon nan da mata suka kusa raba zumunci a kansa. Daga na uku zuwa na takwas hannuwa ne, sun sha lalle, sun sha zobba, kowanne ya ɗaga waya. Tecno, Infinix, Itel, Tecno, Tecno, sai iPhone guda da aka ɗaga sama da ta kowa, aka ɗan karkato bayanta don jama'a su ƙirga idanunta. Aiki dai ya fita tas. Har tambarin kamfani ana karantawa.

Na ce, "Malam, ina amaryar?"

Ya ce, "Alhaji, duba shafi na tara." Ya ƙara murza totur.

A shafi na tara kuwa ga amarya, ga ango, amma a cikin wayar Gwaggo suke. Da na ɗago na dube shi sai ya fara rantsuwa. "Wallahi Alhaji na yi iya yina. Na hau kujera, mai kujerun haya ya ce in sauka. Na durƙusa, aka taka mini yatsu. Na ce bayin Allah ku ba ni minti ɗaya, wata Hajiya ta juyo ta ce ni wa ya gayyace ni." Shi kaɗai aka biya ya zo wurin, shi aka tambaya wa ya gayyace shi. Da ya rasa ta yi, sai ya lura duk filin nan wuri ɗaya ake ganin ma'auratan sosai, wato sikirin ɗin wayar Gwaggo, wadda ta kafa ƙafa gaba da kowa tun kafin a shigo da amarya. Ya saita dogon gilashin Canon ɗinsa ta saman kafaɗarta, ya zuƙo, ya latsa.

To sikirin ɗin Gwaggo a fashe yake tun bara. Tsagar ta taso daga kunnen ango, ta ratsa kumatunsa, ta sauka a kafaɗar amarya. A saman hularsa an rubuta saura caji kashi 4. Kuma daidai lokacin da aka latsa, kira ya shigo wa Gwaggo, sunan mai kiran ya sauka ƙarƙashin hular ango, a tsakiyar goshinsa, da manyan baƙaƙe: Mai Adashe 2.

Wannan shi ne hoton auren. Babu wani. Shi za a faɗaɗa, a sa masa firam mai ruwan zinare, a rataye a falo saman talabijin. Nan da shekara 40 jikoki za su tsaya a gabansa su ce ga kakanmu, Mai Adashe na Biyu. Za su ɗauka sarauta ce. Za su ce tsagar nan ta gado ce, irin ta gidansu, wataƙila har wani mai kishin asali ya nemi wanzami ya yi masa irinta. Wani ɗalibin tarihi zai zo daga jami'a da rikoda, ya bi jerin sarakunan garin nan tun daga Abu Ja da ya kafa shi a 1828 har Sulaimanu Barau da garin ya ci sunansa bayan an ba babban birni sunan Abuja, ya duba sarautun fada ɗaya bayan ɗaya, bai ga Mai Adashe ba, ya rubuta a babi na biyar cewa Turawan mulkin mallaka ne suka ɓoye gidan don sun ƙi biyan haraji. Kashi 4 ɗin kuma malaman nazari za su kasu biyu a kansa. Wasu za su ce abin da ya rage na sadaki ne, wasu su ce kason ango ne a cikin shawarwarin gidan. Ni ina bayan na biyun, don na san dangin amaryar, dangina ne.

Mai Adashe ta Ɗaya kuwa tarihi ba zai taɓa gano ta ba, don Gwaggo ta toshe lambarta tun kafin azumi.

Na je har ɗakinta na ce, "Gwaggo, tunda ke kika samu gaba, a turo mana bidiyon mu adana." Ta ce, "Ayya ɗan nan, ai wayar ta mutu kafin in ajiye." Ta tare mai hoto, ta tare uwar amarya, ta tare iskar fanka, ta fito hannu rabbana.

Da daddare ɗan ƙanena, wanda ke sayar da gilashin waya da caja a kasuwar IBB, ya zo yi mini ta'aziyyar kuɗina. Ya ce, "Kawu, ai kai ka so asara. Wa ke ɗaukar mai hoto yanzu? Kyamarar mutumin nan megafiksel 24 ce, wayata 108. Lissafa ka gani."

Na lissafa. Duk ɗan Chaza ya san wannan lissafin, don masu gidajen haya sun daɗe suna yi mana shi. Tunda ma'aikatan Abuja suka gano cewa kwana a Suleja ya fi sauƙi, suka riƙa sammako ta Madalla da Zuba, sai ka ga mutum da fili rabin fuloti ya yanka shi ɗaki goma sha, kowanne in ka miƙe ƙafa sai ta leƙa na maƙwabci, tagar kuma ko kyanwa sai ta yi azumi kafin ta wuce. Ya fita yana cewa gidansa ya fi na Alhajin GRA yawan ɗakuna. Gaskiya ne, ya fi. Haka abin yake a cikin waya. Farantin da ke kama haske a babbar kyamara irin ta ƙwararru milimita 36 ne a 24, girman tsohon fim, ya ninka na waya mai matsakaicin kuɗi kusan sau 20. Ita waya ɗan filin da bai kai farcen ɗan yatsa ba ta yanka gida miliyan 108, kowanne hasken da ke shiga cikinsa bai taka kara ya karya ba. Su kansu masu ƙera ta sun sani, shi ya sa suka koya mata ta rushe katanga ta haɗe ɗaki tara ya zama ɗaya, ta ba ka hoto mai megafiksel 12, lambar 108 kuma tana nan a jikin kwali don ɗan ƙanena ya samu abin faɗa. Da rana tsaka ba ka gane bambanci. Bari magariba ta yi, a ɗauke wuta, a kunna ƙwai biyu da janareta a filin kamu, sai ka ga fuskar amarya ta narke, idon ango ɗaya ya tafi Gauraka.

Ya ce, "Kawu, to kai da me kake ɗaukar hoto?"

Da waya mana. Me zan ɗauka da shi? Ba wanda zai rataya Nikon a wuya ya je ɗaukar lambar mita, ko takardar maganin da likita ya rubuta, ko samfurin ɗinkin da za a tura wa tela, ko shaidar tura kuɗi da mai shago ke jira ya gani kafin ya sake maka buhun shinkafa. A hidimar yau da kullum waya ta ci, ta cinye, ta suɗe kwano. Kamfanin Kodak ma, da injiniyansa Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, sai da ya kai kansa kotu a 2012 yana neman kariya daga masu bin sa bashi, balle mai hoton unguwarmu da yanzu fasfo na JAMB da na neman aiki ke riƙe da shi. Ban ce a koma zamanin fim mai ɗauka 36 ba, lokacin da ake jira sati kafin a gane cewa Baba ya rufe ido.

Amma a zamanin ana jin nauyin abin. Seydou Keïta na Bamako, da ya buɗe shagon hotonsa a 1948, yawanci sau ɗaya yake latsa wa mutum saboda tsadar kayan aiki, kuma hotunan nan har yau ana rataye su a manyan gidajen adana kayan fasaha na Turai da Amurka. Mu nan yarinya za ta tsaya a jikin motar da ba ta san mai ita ba, a latsa mata sau hamsin, ta duba ta ce ko ɗaya bai yi ba, a sake. Wanda ya yi ɗin ma ba ita ba ce. Kamfanin Transsion na Shenzhen, mai Tecno da Infinix da Itel, ya yi suna ne da gyara kyamarorinsa don baƙar fata ta fito da kyau, bayan an daɗe ana sayar mana da na'urorin da in ka tsaya a inuwa haƙora da fararen ido kawai suke gani. Mutanen Sin suka zauna suka wahala don mu fito da kalarmu, mu kuma muka shiga cikin saiti muka ja filta har ƙarshe. Hanci ya tsuke, haɓa ta yi tsini, fata ta yi fari fat babu ko ƙofar gashi. Ana kai wa saurayi hoto, ya zo zance, ya yi sallama da budurwar ya ce ta shiga ta turo yayarta.

Wannan duk abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne na asibiti. Tsoho yana kwance, an sa masa ruwa, ba hula, ba riga, mutumin da 'ya'yansa ba su taɓa ganin kansa a buɗe ba, sai wani ɗan duba mara lafiya ya sunkuyo ya haɗa kai da shi ya ɗauki salfi, ya ɗora a status da hannuwan addu'a guda uku. Wa ya tambayi tsohon? Ko a yi haɗari a hanyar Kaduna, mutum yana cikin jini yana salati, zagaye da shi samari ashirin, ba mai neman mota, ba mai cire riga ya ɗaure masa rauni, kowa yana neman inda zai fi fitowa. Uwa ta ga gawar ɗanta a WhatsApp kafin a aiko mata da mai faɗa mata cikin hankali. Mai hoton da, duk kwaɗayinsa, sai an kira shi yake zuwa, kuma yana cewa a gyara kafin ya latsa. Wannan rashin ta ido ne, kuma ba kamfanin da ya sa shi a cikin kwali, da shi muka je shagon.

Bari in sassauta, likita ya hana ni.

Ga watan azumi na tafe wata rana, za ku ga ikon Allah. Ranar 29 ga Sha'aban da magariba kowa zai hau tudun unguwa ya ɗaga waya yamma, a cika mana guruf da baƙin hoto mai ɗigon fari a tsakiya, wanda in ka bincika fitilar sola ce ta gidan wani. Abin ma da ya fi ba ni tsoro masu tsadar ne. A 2023 wani mutum ya ɗauko hoton wata ya dusashe shi da gangan, ya sa a sikirin ɗin kwamfuta, ya kashe fitila, ya ɗauka da wayar Samsung daga nesa, sai ga wata ya fito da ramukansa da tabbansa, abin da babu shi a hoton da aka nuna mata. Kamfanin ya yi bayani cewa wayar in ta gane wata ne a gabanta, ƙwaƙwalwarta kan ƙara masa kyau. Wato ta san yadda wata ya kamata ya kasance, ba ta jiran ya kasance. Allah ya sa kwamitin ganin wata na fadar Sarkin Musulmi ya ci gaba da neman shaidar ido, in ba haka ba wata shekara waya za ta nuna mana watan daren sha huɗu ranar da ake neman jinjiri, a tashi da bashin azumi goma sha uku.

Dutsen Zuma ma ina tausaya masa. Tun 1999 yake zaune a bayan naira 100 da mutuncinsa, da fuskar nan tasa mai kama da ta mutum, ba wanda ya ce ya yi murmushi. Yanzu duk motar da ta taso daga Kaduna sai an sami mai cewa direba ya tsaya, a fito a miƙa tafin hannu wai an ɗora dutsen a kai, mai ɗauka yana ta "ɗan yi sama, ɗan yi hagu, a'a ka wuce," tirela na danna hon a bayansu. Su waɗannan wayoyin da ke neman fuska ko'ina, ranar da suka gane tasa shi ke nan, za su kewaye ta da ɗan akwatin nan mai ruwan ɗorawa, su share masa zanen da ruwan sama ya yi shekaru aru-aru yana yi, su tsuke masa hanci, su sa masa gashin ido. Ladi Kwali ta bayan naira 20, da ta fara aiki a cibiyar tukwane ta garin nan a 1954, ita Allah ya rufa mata asiri ta rasu a 1984, da yanzu an goge mata yumɓun hannu an sa mata farce ruwan hoda. In Babban Banki zai sake fasalin kuɗi, ina roƙo a aiko mai hoto na gaske, a kuma turo 'yan sanda biyu su riƙe Gwaggo.