Giwar da Ta Cinye Kuɗin Kawu

Muna da wata ƴar manhaja ta salula a Damargu wadda aikinta bai wuce rubuta farashin tiyar gero da wake ba a kasuwannin Bakin Birji da Tanut da Belbeji. Buɗaɗɗiya ce, rubutunta na nan a GitHub, mai so ya duba, mai iyawa ya gyara. Wani Bature da ya yi aikin agaji a Damagaram ne ya fara ta. Da ya koma ƙasarsu sai gadon ya faɗo kaina, don a unguwarmu ta Ollelewa ni kaɗai ke da kwamfutar da ke tashi ba tare da an dake ta ba.

Rubutun manhaja ba ya shiga salula haka nan, sai an harhaɗa shi ya zama fayil ɗin APK. Baturen ya bar mana Ant, tsohon mai harhaɗawa da ya fito tun 2000. Dattijo ne mai wadatar zuci: duk abin da yake buƙata na cikin jaka ɗaya a kwamfutar, ba ruwansa da intanet. Sai dai Google ta daina kula da shi a aikin Android a ƙarshen 2015, ta riƙe Gradle, kuma tun Agustan 2021 sabuwar manhaja ba ta shiga Play Store sai a sigar AAB, wadda dattijon bai taɓa jin labarinta ba. Matasan da ke taya mu aiki daga Kano da Yamai suka dage a koma Gradle. In ji su, aikin yamma ɗaya ne.

Ashe yammar Kano suke nufi. Kafin Gradle ya dubi layi ɗaya na rubutunka, sai ya fara sauko da kansa, mega fiye da 100. Daga nan ya kira abin da ke haɗa shi da Android, sannan ya aika a ɗebo masa kayan aiki daga Maven Central, kowane kaya kuma ya iso da danginsa. Mu kuwa rezo a wajenmu sai dare yake leƙowa, shi ma a kan tudun da ke bayan rumbunan Kawu. Can na tare, na kife turmi na ɗora kwamfuta, harshen wutar matatar SORAZ yana haska sama daga nesa. Man ƙasa ake tacewa kusa da mu tun 2011, ni ko ina zaune cikin ƙarangiya ina roƙon sanda ɗaya ta rezo. Ana dab da gamawa sai ta ɓace, a koma farko.

Da Gradle ya sauka, aka ce mini sigar 8 ta mahaɗin Android ba ta aiki sai da Java 17, ni kuma ta 8 gare ni. Da na kawo Java, sai ga wani kayan aiki da Baturen ya ara, wanda gidansa JCenter ne, ma'ajiyar da aka yi shelar rufewa tun Fabrairun 2021. Allura ta tono garma.

Kuɗin mega duk Kawu ke ranta mini, da yake shi ɗan kasuwar hatsi ne, kuma babban mai amfani da manhajar. Wani dare ya hawo tudun da tocilansa, ya leƙa, ya ga alamar Gradle.

"Ɗan nan, wannan giwar fa?"

"Alamar sabon ce, Kawu."

"Ita ke cin kuɗina?"

"Ku yi haƙuri, Kawu, a farko ne kawai take cin kuɗi, daga baya shi ke nan."

"Haka aka ce mini lokacin da na ƙara aure."

Daga ƙarshe mota na shiga zuwa Damagaram, wajen wani aboki mai intanet na ofis. Abin da ya gagara a tudu ya sauka kafin mu gama shayi. Gradle yana adana duk abin da ya sauko da shi a wata ɓoyayyiyar jaka, kuma akwai umarnin da ke hana shi leƙa intanet. Na dawo gida na gwada. Fankar kwamfuta ta yi ta ƙugi har yara suka taru suna tsammanin fim ne, batirin sola ya kusa mutuwa, sannan koren rubutun nasara ya bayyana. Na yi hamdala da ƙarfi har Inna ta fito ba ɗankwali.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Android ba ya yarda sabuwar siga ta hau kan tsohuwa sai in makullin sa hannunsu ɗaya ne, makullin kuwa yana wajen Bature. Na rubuta masa. Ya amsa cikin ladabi cewa kwamfutar da makullin ke ciki ta daɗe da rasuwa, yana mana fatan alheri. Dole kowa ya goge tsohuwar manhaja kafin ya sa sabuwa, kuma tana tafiya da duk abin da ke cikinta.

A nan ne na gano cewa gurbin ƙarin bayani da ke ƙarƙashin farashi, ƴan kasuwa sun mai da shi littafin bashi. Wane buhu biyu zuwa kaka, wance tiya goma. Duk ya tafi. Washegari wani mutum da ban taɓa gaisawa da shi ba ya kawo mini zabuwa, ya ce Allah ya ƙara ilimi.

Murnarsa ba ta kai Azahar ba. Kawu ya zauna a kan tabarma ya karanto basussukan nan da ka, suna bayan suna, har da ranar kasuwar da aka karɓa. Na ƙarshe a jerin ni ne, da kuɗin mega. Zabuwar ma ya karɓe ta a matsayin somin-taɓi.

Kwanan nan wani daga cikin matasan Kano ya kawo shawarar mu sauya rubutun Gradle daga Groovy zuwa Kotlin, wai shi ake yayi tun 2023, kuma ba zai ɗauki lokaci ba. Na ce na amince, da sharaɗi ɗaya: ya zo Ollelewa da kansa ya fara yi wa Kawu bayani.